Asma da furotin ɗin bututun iska: me ya sa hankalin masana ya koma kan shimfiɗar huhu?

Mai fama da asma da ke bibiyar labaran lafiya a 'yan shekarun nan yana da dalilin ruɗewa. A 2019 kwamitin GINA, wanda ke fitar da ƙa'idojin kula da asma da likitoci a faɗin duniya ke dubawa, ya ce manya da matasa su daina dogaro da inhelar buɗe ƙirji ita kaɗai, bayan an shafe kusan shekara 50 ana kan wannan tsari. A Disambar 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna tezepelumab, wadda aikinta toshe furotin guda ɗaya tak, TSLP. A Afrilun 2024 kuma jaridu suka yi ta yaɗa cewa masu bincike a Landan sun gano wata sabuwar hanyar da asma ke ɓata huhu.

Labaran uku daga tushe ɗaya suka fito. A da ana kallon asma a matsayin ciwon tsokar da ke shaƙe bututun iska. Daga baya aka gane kumburi ne ke ƙarƙashin shaƙewar. Yanzu tambayar ta ƙara zurfi: me ke tayar da kumburin tun farko? Amsar da masana da yawa suka karkata gare ta tana cikin siririyar shimfiɗar da ta lulluɓe cikin bututun iska, da irin furotin ɗin da take ƙerawa.

Wane furotin ake nufi?

Ba furotin ɗin abinci ake magana a kai ba, ko da yake asalin sinadarin ɗaya ne. Jiki yana ƙera dubban nau'o'in furotin bisa umarnin ƙwayoyin gado, kowanne da aikinsa. Wani gini yake riƙewa, wani saƙo yake kaiwa daga ƙwayar halitta zuwa wata, wani yana zaune a bayan ƙwayar halitta yana jiran saƙon, wani kuma yanka wasu sinadarai yake yi.

Bututun iska yana farawa daga maƙogwaro, ya yi ta rabuwa rassa-rassa har cikin huhu. Cikinsa akwai shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta da ke jere a manne da juna. Wasunsu suna da siraran gashi masu kaɗawa, wasu suna fitar da majina. A ƙarƙashin shimfiɗar akwai ƙwayoyin garkuwar jiki, sai zoben tsoka. Baligi yana shaƙar iska sama da lita 10,000 a rana, kuma duk ƙura, hayaƙi, garin furanni da ƙwayoyin cuta da ke cikinta a kan wannan shimfiɗa suke fara sauka.

Inda ɓaraka ke farawa

Ƙwayoyin shimfiɗar kamar bulo ne a jikin katanga, furotin irin su occludin, claudin da E-cadherin kuma su ne simintin da ke tsakani. Idan aka ɗebo nama daga bututun iskar masu asma aka duba, sau da yawa ana samun wannan manni ya yi rauni, abubuwan waje suna iya ratsawa.

Wasu abubuwan da ke tayar da alaji, wato martanin da jiki ke yi fiye da kima ga abin da ba shi da illa, da kansu suke buɗe hanya. Ƙananan ƙwarin da ke rayuwa cikin ƙurar ɗaki, katifa da matashi, waɗanda ido ba ya iya gani, suna fitar da wani furotin a cikin kashinsu mai suna Der p 1. A 1999 aka nuna cewa wannan furotin yana yanka mannin da ke tsakanin ƙwayoyin shimfiɗa. Wasu nau'o'in funfuna da kyankyaso ma suna ɗauke da furotin masu yanka irin wannan.

Ƙwayoyin cutar mura suna da tasu ƙofar. A 2014 wani bincike a Denmak kan yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da aka sha kwantarwa a asibiti saboda asma ya gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna CDHR3 ya yi yawa a cikinsu. A lokacin ba a san dalili ba. Shekara guda bayan haka masu bincike a jami'ar Wisconsin suka nuna cewa furotin ɗin CDHR3 shi ne wurin da wani rukunin bairos ɗin mura, rhinovirus C, ke kamawa ya shiga ƙwayar halitta. Yaron da ya gaji wannan sauyi yana da furotin ɗin da yawa a bayan ƙwayoyin shimfiɗarsa, saboda haka murar da za ta wuce wani yaro cikin sauƙi tana iya kai shi gadon asibiti.

Kururuwar da ke tayar da garkuwa

Shimfiɗar da aka taɓa ba ta yin shiru. Tana sakin furotin uku da masana suka fi mayar da hankali a kansu: TSLP, IL-33 da IL-25. Aikinsu kururuwar neman ɗauki ne. IL-33 a ajiye yake cikin ƙwayar halitta, da zarar ta ji rauni ko ta fashe sai ya fito, babu jinkiri.

Masu amsa kiran sun haɗa da ƙwayoyin garkuwa da ake kira Th2, da wasu da sai a 2010 aka bayyana su sosai, ILC2. Su kuma sai su saki nasu saƙonnin. IL-4 yana sa jiki ya ƙera IgE, furotin ɗin garkuwa da ke bayan alaji, wanda aka gano a 1966 zuwa 1967 a Amurka da Suwidin. IgE yana maƙale wa ƙwayoyin mast, waɗanda ke zazzage histamin da sauran sinadaran da ke matse tsoka cikin mintoci da zarar abin alajin ya sake dawowa. IL-5 yana kiran fararen ƙwayoyin jini masu suna iyosinofil daga ɓargo, yana kuma tsawaita rayuwarsu. IL-13 yana komawa kan shimfiɗar kanta: ya ƙara yawan ƙwayoyin majina, ya ƙara raunana mannin, ya sa tsoka ta zama mai saurin tsukewa. Wannan jerin shi ake kira kumburi nau'i na 2. Asalinsa kariya ce daga tsutsotsin ciki, amma a cikin asma ya juya kan abubuwan da ba su da wata barazana.

Tun da IL-13 yana ƙara ɓata shimfiɗar da ta fara kururuwar, abin sai ya zama zagaye. Shi ya sa kumburin ke nan ko a ranakun da majinyaci yake jin garau.

Majina: ɓangaren da aka daɗe ana rainawa

Likitocin da ke binciken gawa sun daɗe da sanin cewa bututun iskar mutanen da asma ta kashe galibi a toshe yake da majina mai kauri. Duk da haka, magani ya fi karkata kan tsoka da kumburi, majinar kuma aka ɗauke ta a matsayin abin da ya biyo baya.

Majinar mai lafiya kusan duk ruwa ce. Abin da ke ba ta yauƙi manyan furotin biyu ne, MUC5B da MUC5AC. Na farkon shi ne na aikin yau da kullum, yana kama ƙura da ƙwayoyin cuta, siraran gashin su tura shi sama a haɗiye ba tare da an sani ba. Ɓerayen da aka cire wa MUC5B sun kasa tsabtace huhunsu, cututtuka suka yi musu yawa. MUC5AC kaɗan ne a huhu mai lafiya, amma IL-13 yana ninka shi, kuma majinar da ya yi yawa a cikinta tana maƙalewa a jikin shimfiɗa, gashin ya kasa ture ta. A gwajin ɓeraye na 2015, cire MUC5AC ya kawar da yawancin saurin shaƙewar bututu, alhali kumburin yana nan. Wannan ya nuna cewa wani kaso na abin da ake ɗora wa tsoka laifin majina ne.

Iyosinofil suna ƙara dagula lamarin ta hanya biyu. Suna sakin wani sinadari da ke ɗaure zaren majinar da juna har ta yi tauri kamar roba. Suna kuma barin wani furotin, galectin-10, wanda ke daskarewa ya zama lu'ulu'u masu tsini a gefe biyu. Jean-Martin Charcot da abokin aikinsa Robin sun fara bayyana waɗannan lu'ulu'u a 1853, Ernst von Leyden kuma ya gan su a kakin masu asma a 1872. Sama da ƙarni guda ana ɗaukarsu a matsayin shara kawai, alamar cewa iyosinofil sun wuce ta wurin. A 2019 masu bincike a Ghent ta Beljiyam suka nuna cewa lu'ulu'un da kansu suna tayar da kumburi da ƙarin majina, kuma suka ƙera furotin garkuwa da ke narkar da su a ɗakin gwaji. A 2018 wani nazari a Amurka da ya yi amfani da hoton siti-sikan ya samu toshewar majina a huhun fiye da rabin masu asmar da aka duba, yawancinsu masu tsananin ciwo, kuma da dama daga cikinsu ba sa ma korafin kaki. Toshewar tana iya zama a reshe ɗaya tsawon shekaru. Inhelar da ke saki tsoka ba ta da abin da za ta yi wa irin wannan toshewa.

Gado da muhalli

Asma tana bin dangi, amma babu ƙwayar gado ɗaya da ke haifar da ita. Abin lura shi ne yawancin wuraren da manyan binciken gado suka nuna suna da alaƙa da shimfiɗar bututu. A 2007 aka gano wani yanki a kan kromosom na 17, inda ƙwayoyin gado masu suna ORMDL3 da GSDMB suke, da ke da alaƙa mai ƙarfi da asmar da ke farawa a yarinta, musamman ga yaran da mura ta sa su numfashi mai fito suna ƙanana. A 2010 babban binciken GABRIEL a Turai ya ƙara da IL33, ƙwayar gadon da ke ƙera IL-33, da ƙwayar gadon furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa. A Aisland kuma an samu mutane ƙalilan da suka gaji wani sauyi da ke kashe aikin kwafi ɗaya na IL33, kuma haɗarin kamuwarsu da asma ya ragu da kusan rabi.

Gado kaɗai ba zai bayyana yadda asma ta ƙaru cikin 'yan shekaru a ƙasashe da dama a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ba. A 2016 aka kwatanta yaran al'ummomi biyu na manoma a Amurka, Amish da Hutterite, waɗanda asalinsu da salon rayuwarsu suka yi kama. Amish suna noma da dawakai a gonakin iyali, yaransu kusa da dabbobi, Hutterite kuma da injina a manyan gonaki. Asma ta ninka kusan sau 4 a yaran Hutterite, ƙurar gidajen Amish kuma tana ɗauke da ɓurɓushin bakteriya kusan ninki 7. Shekara guda kafin nan, gwaji a kan ɓeraye ya nuna yadda hakan zai iya faruwa: ƙurar gona tana sa shimfiɗar huhu ta ƙera wani furotin, A20, wanda ke rage kururuwarta. Da aka cire A20 daga shimfiɗar, kariyar ta ɓace. Kada a fahimci wannan a matsayin cewa kowace ƙura kariya ce. Hayaƙin taba, na itacen girki da na motoci suna ƙara ɓata shimfiɗar ne.

Inda masana suka saɓa

Akwai ra'ayi uku kan abin da ke fara faruwa, kuma kowanne yana da hujja.

Masu cewa garkuwar jiki ce tushe suna nuna nasarar magungunan da ke toshe IgE, IL-5 da IL-4. Masu cewa raunin shimfiɗa ne tushe, irin su Stephen Holgate na Southampton da Cezmi Akdis na Suwizalan, suna nuna sakamakon binciken gado, da kuma cewa ana ganin kaurin bangon bututu a wasu yara tun suna ƙanana. Matsalar wannan ra'ayi ita ce yawancin naman da ake dubawa daga mutanen da ciwon ya riga ya kama ne, saboda haka da wuya a tantance ko raunin ne ya jawo kumburi ko kumburin ne ya jawo rauni.

Ra'ayi na uku ya mayar da tsoka cikin lissafi ta wata fuskar. A 2011, a Southampton, aka sa wasu masu asma suka shaƙi methacholine, sinadarin da ke matse bututu ba tare da tayar da kumburin alaji ba. Bayan 'yan kwanaki bangon bututunsu ya nuna ƙarin kauri da ƙarin ƙwayoyin majina, kamar na waɗanda aka ba abin alaji. Binciken 2024 na kwalejin King's da ke Landan, ƙarƙashin Jody Rosenblatt, ya ɗora a kan wannan. Ya nuna cewa idan bututu ya tsuke, ƙwayoyin shimfiɗa suna cunkushewa har da yawa su tsinke su fita, su bar rauni da ke jawo kumburi da majina. Sinadarin gadolinium ya hana hakan a ɓeraye. Ba a gwada shi a matsayin maganin asma a jikin mutane ba, kuma wannan ne bayanin da manyan kanun labarai da yawa suka tsallake.

Mai yiwuwa ra'ayoyin uku ba sa kore juna, domin asma ba ciwo ɗaya ba ce. A 2009 wani nazari a San Francisco ya auna alamun aikin IL-13 a shimfiɗar bututun masu asma mara tsanani, ya samu kusan rabinsu ne kawai ke da kumburi nau'i na 2 mai ƙarfi. Su ne kuma huhunsu ya inganta da sitiroyid na shaƙa, maganin da ke rage kumburi. Sauran, waɗanda a aikin asibiti sukan haɗa da masu ƙiba, masu shan taba da waɗanda ciwon ya kama da girma, har yanzu ba a fayyace furotin ɗin da ke tafiyar da nasu ciwon ba. Gwajin toshe saƙon IL-17, wanda aka sa wa rai, bai yi nasara ba.

Tarihin mepolizumab, allurar da ke toshe IL-5, ya nuna tasirin wannan bambanci. A gwajin 2000 ta rage iyosinofil a jini ƙwarai, amma ba ta sauya saurin shaƙewar bututu ba, har wasu suka fara cewa iyosinofil ba su da muhimmanci. A 2009 aka sake gwada ta a Leicester ta Ingila da Hamilton ta Kanada, wannan karon a kan masu yawan iyosinofil da ciwon ke yawan tasar musu, sai tashin ciwon ya ragu sosai. An amince da ita a 2015. Maganin bai canza ba, zaɓen majinyata da abin da aka auna ne suka canza. Ba kowane furotin ne ya ba da irin wannan sakamako ba: allurai biyu da ke toshe IL-13 shi kaɗai, lebrikizumab da tralokinumab, sun kasa nuna fa'ida mai ɗorewa a manyan gwaje-gwajen asma, alhali dupilumab da ke toshe saƙon IL-4 da IL-13 tare ta yi aiki.

Abin da wannan ke nufi ga majinyaci

Tasiri na farko yana kan gwaji. Ƙidayar iyosinofil tana fitowa a gwajin jini na yau da kullum, kuma adadin da ya kai 150 zuwa 300 ko fiye a kowace maikrolita yana nuni da kumburi nau'i na 2. Akwai kuma gwajin hura iska mai suna FeNO, wanda ke auna iskar nitric oxide da shimfiɗa ke fitarwa idan IL-13 ya motsa ta. Gwaje-gwajen biyu suna taimaka wa likita ya hango wanda sitiroyid zai fi amfana, da wanda ke cikin haɗarin tashin ciwo ko da yana jin sauƙi.

Na biyu shi ne allurai masu toshe furotin. Omalizumab ta fara a 2003 kan IgE, sai mepolizumab, reslizumab a 2016 da benralizumab a 2017 kan hanyar IL-5, dupilumab a 2018, sannan tezepelumab. Wannan ta ƙarshe ta bambanta domin tana toshe kururuwar shimfiɗa ne tun daga sama. A gwajin NAVIGATOR mai mutum sama da 1,000, ta rage tashin ciwo da kashi 56 cikin 100, kuma ta taimaka har ga masu ƙarancin iyosinofil, ko da yake fa'idar ta fi girma ga masu yawansu. A wani gwajin daban ba ta cimma burin rage ƙwayoyin sitiroyid na haɗiya ba. Duka waɗannan allurai na masu asma mai tsanani ne, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin 100 na majinyata ba, ana yin su duk bayan makonni, suna da tsada sosai, kuma ba sa warkar da ciwon. Idan aka daina, yawanci yana dawowa.

Na uku, wanda ya fi shafar mafi yawan mutane, shi ne dalilin sauyin 2019. Salbutamol, wanda ke cikin inhelar da galibi shuɗiya ce, yana kama wani furotin a jikin tsoka ya sa ta saki. Numfashi yana dawowa cikin mintoci, amma TSLP, IL-13, iyosinofil da majina duk suna nan yadda suke. Mutum yana jin sauƙi yayin da abin da ke ƙarƙashi ke ci gaba. Ƙarar da irin wannan inhela 3 ko fiye a shekara yana tafiya da ƙarin haɗarin mummunan tashin ciwo. Sitiroyid na shaƙa, irin su budesonide da beclometasone, shi ne ke rage ƙera waɗannan furotin a shimfiɗar kanta. Shi ya sa GINA ta fifita inhelar da ta haɗa budesonide da formoterol, wani maganin buɗe ƙirji, domin duk lokacin da aka shaƙa don neman sauƙi, maganin kumburi ma ya shiga. Duk wani sauyin magani dai da likita ake yinsa, kuma inhelar buɗe ƙirji tana nan a matsayin abin ceto a lokacin da numfashi ya sarƙe.

Akwai iyaka ga abin da sitiroyid ke yi. A wani gwaji da aka wallafa a 2006, an ba yara ƙanana masu haɗarin asma sitiroyid na shaƙa tsawon shekara 2. Sun samu sauƙi a lokacin, amma a shekarar da ta biyo bayan dainawa babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. Danne kumburi bai hana ciwon kafuwa ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa masu neman rigakafi suka koma duban abin da ke faruwa da shimfiɗar huhu a shekarun farko na rayuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta kashe mutum 455,000 a shekarar. Mafi yawan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa, inda sau da yawa ba a gano ciwon ba, ko an gano amma babu inhelar sitiroyid a kusa ko a farashin da iyali za su iya. Budesonide, beclometasone da haɗin budesonide da formoterol duk suna cikin jerin muhimman magungunan hukumar, waɗanda ake sa ran kowane tsarin lafiya ya tanada.